Yadda ake ƙara wa kwantirola ƙafafun shiga da fita, a kuma haɗa masa gida

Allon ESP32, ƙaramar kwantirolar da ake ɗora wa manhaja don ta sarrafa kaya, yana da ƙafafu da yawa a ido, amma da zarar an ware waɗanda ba a taɓawa sai a ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ƙafafun da ake kira GPIO 6 zuwa 11 na ma'adanar cikinsa ne. Daga 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi, ba sa bayarwa. Su kuwa 0, 2, 5, 12 da 15 suna da ta cewa a yadda allon zai tashi, don haka ɗaura musu kaya yana iya hana shi tashi gaba ɗaya. Wanda zai sarrafa famfunan rijiyar burtsatse, da tankuna uku, da fitilun ɗakin kaji da fankokinsa, nan da nan ƙafafun za su ƙare masa.

Tsarin da za a bi a nan shi ne na uwa da 'ya'ya. Uwa ita ce allon da ke ɗauke da ESP32 da wutar da ke ciyar da kowa. 'Ya'yan kuma ƙananan alluna ne iri biyu, na karɓar saƙo da na kunna kaya, kowanne a gidansa, duk a jere kan waya guda. Idan aiki ya ƙaru sai a ƙara ɗa, idan ɗaya ya ƙone sai a zare shi a sa wani, ba tare da an kwance sauran ba.

Kayan aiki

Ƙarfen liƙi mai siririn baki da dalma, mitar gwaji, filaya, abin fere waya, ƙaramar sukundireba mai faɗin baki, injin huda, da abin awo mai nuna milimita. Idan za ka zana allo a buga maka, sauke KiCad, kyauta ce.

Na uwa: allon ESP32 guda, mai rage wuta daga 12V zuwa 5V irin LM2596 ko MP1584, fiyus na 2A, dayod 1N5822, resista 4.7kΩ guda biyu da 10kΩ guda biyu, da abin ba da wuta na 12V mai ƙarfin 2A.

Na kowane ɗa: MCP23017, guntun da ke ƙara ƙafafun shiga da fita, mai ƙafa 28 tare da mazauninsa, kafasita 100nF, resista 10kΩ guda uku, soket biyu masu ƙafa goma na faffaɗar waya, da mahaɗan sukuru masu tazarar milimita 5.08, gara irin waɗanda ake zarewa. Allon karɓa zai ƙara da PC817 guda 14, guntun da ke miƙa saƙo ta haske don raba wutar waje da ta ciki, da resista da ƙananan fitilu da dayod 1N4148 daidai wannan adadi. Allon kunnawa zai ƙara da ULN2803A guda, mai jan rile, da rile na 12V guda takwas, wato makunnin da wuta ke kunnawa.

Na gida: ƙarfen DIN irin wanda bireka ke hawa, akwatunan roba da ke hawa kansa, babban akwatin da zai rufe su duka, da gilan PG7 da PG9, wato abin da ke matse waya a bakin rami.

Idan MCP23017 bai samu ba, PCF8574 zai tsaya a madadinsa, sai dai ƙafafun aiki takwas gare shi kuma wutar da yake iya turawa waje ba ta fi kimanin 0.1mA ba. Jan wuta zuwa ƙasa ne ƙarfinsa. Ya dace da allon karɓa, amma kada ka haɗa shi kai tsaye da ULN2803A ka sa ran rile zai kama yadda ya kamata. Akwai kuma 74HC595 na kunnawa da 74HC165 na karɓa, masu arha, amma ba su da adireshi, matsayin kowane allo a jere shi ne sunansa, zare na tsakiya yana rikita lissafin na bayansa.

1. Ƙidaya kaya a takarda

Rubuta duk abin da zai shigo da duk abin da za a kunna, kowanne da ƙarfin wutarsa da nisan wayarsa daga akwati. Makunni mai iyo a tanki, 12V, mita 30. Famfo, 230V, doki ɗaya. Fitilun ɗakin kaji, 230V, wat kaza. Bayan ka haɗa jimla ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai, domin babu aikin da ke tsayawa inda aka fara shi.

Abin da ke buƙatar saurin gaske, kamar na'urar ƙirga ruwan da ke wucewa ta bututu ko rage hasken fitila a hankali, a bar shi kan ƙafafun ESP32 ɗin kanta. 'Ya'yan na kunna da kashe ne, ba na tsere ba.

2. Tsayar da wayar haɗi kafin komai

Wannan shi ne matakin da masu koyo suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin duk aikin. Tun ran gini ran zane. Allon da za ka yi baɗi dole ya shiga soket ɗin da ka yi bana, don haka jerin ƙafafun wayar haɗi sau ɗaya ake tsara shi, a rubuta, a daina taɓawa.

MCP23017 yana magana ta I2C, wato waya biyu: SDA mai ɗaukar saƙo da SCL mai buga lokaci. A ESP32 an saba sa SDA a GPIO 21, SCL a GPIO 22. Jerin da ya dace da faffaɗar waya mai zare goma shi ne: na 1 da na 2 su ɗauki 12V, na 3 GND (bakin da wuta ke komawa, 0V), na 4 SDA, na 5 GND, na 6 SCL, na 7 3.3V, na 8 INT (ta nan ɗa ke sanar da uwa an sami sauyi), na 9 RESET (na sake tayar da guntu), na 10 GND. Dalilin sa GND tsakanin SDA da SCL shi ne kada bugun ɗaya ya riƙa tsallakawa cikin ɗaya. Kowane ɗa yana da soket biyu da aka haɗa ƙafa da ƙafa, ɗaya a hagu ɗaya a dama, saƙo ya shiga ta nan ya wuce ta can.

Yi amfani da soket mai tsagi a gefe wanda ba ya shiga a juye. Idan aka juya wannan waya, 12V zai faɗa kan RESET, abin da ke kan layin kuma ya tafi. Wasu na son soket ɗin RJ45 saboda wayar intanet tana ko'ina, kuma yana aiki, amma wata rana wani zai ga ramin ya cusa masa wayar intanet ta gaske. Idan shi kaɗai ka samu, rubuta gargaɗi a jikin akwatin.

I2C ba a yi shi don tafiya mai nisa ba. Ƙa'idarsa ta ce nauyin layin kada ya wuce 400pF, kuma kowace mita ta waya tana ƙara kimanin 50pF, kowane guntu ma yana ƙara nasa. A aikace, tsare duk tsawon wayar ƙasa da mita ɗaya, cikin akwati guda, a gudun 100kHz. Idan wani rukunin kaya yana can wani gini, kada ka ja I2C zuwa can. Sa wata ƙaramar kwantirola a wurin ku yi magana ta RS-485, wadda ke iya kai wa mita 1200. Idan tazarar 'yan mitoci ce kawai, guntayen ƙara wa I2C nisa irin P82B715 ko PCA9615 a kowane baki za su taimaka.

Sai batun resistocin da ke jan SDA da SCL sama zuwa 3.3V. Wuri ɗaya ake sa su, a kan uwa, 4.7kΩ kowanne. Ƙananan allunan MCP23017 da ake sayarwa a haɗe galibi kowanne yana zuwa da nasa. Jera takwas masu 4.7kΩ, sai ka tarar jimlarsu ta sauko kusan 590Ω, alhali a 3.3V bai kamata ta gaza kimanin 1kΩ ba, domin 3mA kawai aka ɗora wa guntu ya iya ja. Sakamakon shi ne allo biyu su yi aiki lafiya, ana ƙara na biyar komai ya tsaya. Cire na jikin 'ya'yan da ƙarfen liƙi. Idan kuma wayar ta ɗan yi tsawo saƙo yana ɓacewa, sauko da na uwa zuwa 2.2kΩ.

3. Raba adireshi

Ƙafafu uku, A0, A1 da A2, su ke ba guntu sunansa a layi, daga 0x20 zuwa 0x27. Guntu takwas ke nan a waya ɗaya. Dabarar da ke rage ruɗani ita ce a liƙe A2 dindindin gwargwadon irin allo: a allon kunnawa a haɗa ta da GND, a allon karɓa a haɗa ta da 3.3V. Ta haka 0x20 zuwa 0x23 na kunnawa ne har abada, 0x24 zuwa 0x27 na karɓa, kuma manhaja ba za ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin wancan ba. A0 da A1 kowacce a ja ta zuwa GND ta resista 10kΩ, a sa mata 'yar gadar da ake zarewa zuwa 3.3V. Wannan ya ba ka rile 32 da mashiga 56.

Kada a bar ko ɗaya cikin ukun a sake. Ƙafar adireshi da ba a ɗaure ba tana sa guntu ya riƙa sauya suna da kansa, yanzu ka gan shi, an jima ya ɓace. Haka ma RESET, ƙafa ta 18: ja ta zuwa 3.3V ta resista 10kΩ a kan uwa, a kuma kai ta wata ƙafar ESP32 domin uwa ta iya farfaɗo da 'ya'yan idan sun maƙale. Duk wanda ya ce guntunsa na aiki sai ya kai hannu kusa ya tsaya, fara duba RESET.

Wanda takwas ba su ishe shi ba, TCA9548A yana raba layi ɗaya zuwa takwas, kowanne da nasa jerin adireshin.

4. Haɗa uwa

Wutar 12V ta fara bi ta fiyus, sannan ta dayod 1N5822 domin idan aka juya wayoyin wutar kada a yi asara. Daga nan ta rabu biyu, ɗaya zuwa wayar haɗi, ɗaya zuwa mai rage wuta. Saita mai rage wutar a 5V da mita tun kafin ka haɗa ESP32, domin da yawa suna fitowa daga kanti a buɗe, abin da ya shiga kusan shi ke fita. 3.3V na 'ya'yan a ɗauko daga allon ESP32, tunda abin da suke ci kaɗan ne.

Kada ka ciyar da MCP23017 da 5V alhali uwa ESP32 ce. Ƙafafun ESP32 ba sa jure 5V, kuma guntun da ke kan 5V yana jiran saƙon da ya kai kusan 4V kafin ya gane shi. Da Arduino Uno ne, sai komai ya zauna a 5V, SDA a A4, SCL a A5.

Lissafin wuta: rile na 12V irin SRD yana cin kimanin 30mA. Takwas 240mA, talatin da biyu kusan 1A. Wannan ne ma ya sa aka zaɓi na 12V, domin na 5V yana cin kusan 70mA kowanne. Idan allunan kunnawa sun wuce biyu, kada ka bar wutar rile ta bi ta siraran zaren faffaɗar waya. Ba kowane allo mahaɗin sukuru na 12V da GND, a ja masa waya mai kauri kai tsaye daga tushe.

5. Allon karɓa

MCP23017 yana da ƙafafun aiki 16: GPB0 zuwa GPB7 su ne ƙafa 1 zuwa 8, GPA0 zuwa GPA7 kuma 21 zuwa 28. Amma a takardar bayanan da Microchip ya sabunta a 2022 an mayar da GPA7 da GPB7 na fitarwa kawai, saboda sauyin da ya faru a kansu ana tsakiyar magana yana iya ɓata saƙon SDA. Tsofaffin zane-zane da ke yawo a intanet har yanzu suna nuna mashiga 16. Kai ka tsaya a 14, ka sa fitila a GPA7 ta riƙa ƙyaftawa don nuna allon yana raye.

Kowace mashiga haka take. 12V ya fita zuwa makunnin da ke waje, ya dawo mahaɗin sukuru, ya bi ta resista 1.8kΩ, ya bi ta ƙaramar fitila, ya shiga ƙafa ta 1 ta PC817, ya fita ta ƙafa ta 2 zuwa GND. Wannan yana ba da kusan 5mA. Idan kayan wajen na 24V ne, resistar ta koma 3.9kΩ. Sa 1N4148 a juye ta rungume fitilar da PC817 tare, domin PC817 ba ya jure wutar da ta zo ta baya fiye da 6V. A ɗaya gefen, ƙafa ta 3 ta tafi GND, ƙafa ta 4 ta tafi ƙafar MCP23017, a ja ta zuwa 3.3V ta resista 10kΩ, a sa 100nF daga gare ta zuwa GND. Guntun yana da resistar ja ta ciki mai 100kΩ, amma ta yi rauni ga wurin da injuna ke tashi. Ka tuna lissafin a juye yake: makunni a rufe, manhaja za ta karanta 0.

Wayar da ta yi mita 30 kusa da wayar famfo tana tsintar wuta daga maƙwabciyarta, har mashiga ta riƙa cewa an danna alhali ba a danna ba. Maganinsa resista 1kΩ tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2 ta PC817, wadda za ta shanye wannan 'yar wutar kafin ta haska shi. Kuma kada wayar saƙo da ta 230V su kwana a bututu ɗaya.

Gaskiya guda game da PC817: an ce yana raba wuta har 5000V, amma idan 12V ɗin da ke zuwa makunnin waje shi ne dai wanda ke ciyar da uwa, to rabuwar ba cikakkiya ba ce, GND ɗinsu ɗaya. Kariyar da ya bayar duk da haka tana da amfani. Wanda wayoyinsa ke hawa saman tanki a fili, inda tsawa ke sauka da damina, ya ware wa gefen waje nasa abin ba da wuta daban.

Makunnin da ke hana ɓarna, kamar na cikar tanki, a ɗaura shi yadda a zaman lafiya yake a rufe. Idan ɓera ya ci wayar, manhaja za ta ga ya buɗe ta kashe famfo. Idan aka yi akasin haka, wayar da ta tsinke da tankin da bai cika ba kamarsu ɗaya a wurinta.

6. Allon kunnawa

Ƙafar MCP23017 ba ta wuce 25mA, kuma duk guntun gaba ɗaya bai kamata ya wuce kimanin 125mA ba, saboda haka ba ya jan rile da kansa. ULN2803A ne ke wannan aiki. An yi sa'a ƙafa 1 zuwa 8 na MCP23017 sun yi daidai da mashigai 1 zuwa 8 na ULN2803A, sai a jera su kusa da juna layukan su tafi a miƙe. Mafitarsa, ƙafa 18 zuwa 11, kowacce ta je baki ɗaya na naɗin rile, ɗaya bakin kuma ya je 12V. Ƙafa ta 9 GND. Ƙafa ta 10 dole ta je 12V, domin ta nan ne dayod ɗin cikinsa ke shanye wutar da naɗin ke harbowa idan an kashe shi. Mantawa da ƙafa ta 10 yana iya kashe wannan guntu.

Idan allon rile na kanti za ka yi amfani da shi, mai 5V, lura da abu biyu. Yawancinsu suna kamawa ne idan an ba su 0. Sannan idan gefen saƙonsu yana kan 5V kai kuma kana tura 3.3V, wani rile ba zai saki sosai ba. Zare gadar JD-VCC da ke jikin allon rilen, ka ba VCC 3.3V, JD-VCC kuma 5V.

Rubutun 10A da ke jikin rile na kaya ne irin hita da fitilar zare. Injin famfo lokacin tashi yana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yana gudu, kuma wannan yana narkar da bakin rile har ya manne, famfo ya ƙi mutuwa. Duk abin da ke da inji, bar rile ya kunna kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar wutar inji, kwantakta ta kunna injin. A kan naɗin kwantaktar sa resista 100Ω a jere da kafasita 100nF mai alamar X2. Rashin wannan ne ke sa ESP32 ta sake tashi, ko fitilu su rikice, duk lokacin da kwantakta ta saki.

A zanen allo, ja layi a tsakiya: gefe ɗaya na 230V, ɗaya na ƙaramar wuta, tsakaninsu aƙalla milimita 6 babu tagulla, takwas ya fi. Inda ƙafafun rile suka matse tazarar, sa a yanka tsagi a allon. Layin da zai ɗauki 5A a tagullar da aka saba yana son faɗin kusan milimita 3. Allon ramuka na Vero ya isa a gwada uwa da allon karɓa, amma tazarar layukansa ba ta kai milimita ɗaya ba, bai dace da 230V ba. Idan babu halin buga allo, sayi rile masu mazaunin da ke hawa ƙarfen DIN, allonka ya tsaya a 12V, ya aika musu waya kawai. Ga mai koyo wannan ma ya fi zama lafiya.

Kafasita 100nF ta zauna dab da ƙafa ta 9 da ta 10 na MCP23017, ba can nesa ba.

7. Gida

Sayi akwati kafin ka zana allo, ba bayan an bugo shi ba. Ƙarfen DIN faɗinsa milimita 35 ne, shi ne wanda bireka ke hawa a akwatin wutar gida. Ana auna faɗin akwatunansa da gurbi, kowane gurbi kimanin milimita 17.5 zuwa 18. Mai gurbi 4 yana kusan milimita 71, mai 6 kusan 106, mai 9 kusan 159. Uwa za ta shiga mai 4 ko 6, allon karɓa mai 6, rile takwas kuwa sai mai 9. Auna cikin akwatin da kanka: inda ginshiƙan sukuru suke, tsayin da ya rage sama da allo, da inda tagogin mahaɗai suka buɗe. Sannan buga zanen a takarda daidai girmansa, yanke shi, manna a kwali, ɗora kayan a kai ka rufe murfi. Nan za ka ga rile ya tokare murfi, ko sukundireba ba ta kai bakin sukuru ba, tun gyaran bai zama na kuɗi ba.

Ƙa'ida ɗaya ga duk 'ya'yan: wayoyin 230V ta sama, na ƙaramar wuta ta ƙasa, wayar haɗi ta gefe. 'Yan gadojin adireshi su kasance inda za a kai gare su da buɗe murfi kawai. Eriyar ESP32 ta fuskanci roba, kada tagulla ko ƙarfe su rufe ta. Idan babban akwatin na ƙarfe ne, Wi-Fi ba zai fita da kyau ba, sai ka nemi ESP32 mai soket ɗin eriyar waje, kuma jikin akwatin da ƙofarsa a haɗa su da wayar ƙasa.

Mai firintar 3D zai iya buga gidan da kansa, ya zana a FreeCAD. Kaurin bango milimita 2, a bar sararin 0.3 tsakanin allo da bango, a dasa mazaunin sukuru na tagulla M3 maimakon ɗaure sukuru cikin roba. Zaɓin robar ne abin lura. PLA tana fara laushi a kusan digiri 60. A Sakkwato ko Yamai zafin Afrilu yana haura 40 a inuwa, cikin rufaffen akwatin da rana ke duka kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, sai maƙallin da ke riƙe da ƙarfen DIN ya saki. PETG tana kai wa kusan 80, ABS ta haura 100. Duk da haka robar bugawa ta yau da kullum tana cin wuta, don haka allon da ke ɗauke da 230V ya fi dacewa da akwatin kanti mai alamar UL94 V-0. Inda babu ko ɗaya, akwatin roba na masu wayarin ya wadatar: a ɗaure guntun ƙarfen DIN a ciki, ko a ɗaga allunan a kan ginshiƙan roba.

Ƙananan akwatunan DIN ba sa hana ƙura ko ruwa. Babban akwati ne ke wannan, a nemi mai IP65. Duk ramuka ta ƙasa ake huda su, kowace waya da gilan ɗinta, PG7 ga mai kaurin milimita 3 zuwa 6.5, PG9 ga mai 4 zuwa 8. A bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau ta shiga, ruwa ya ɗiga a waje. Ramin da ba a yi amfani da shi ba a toshe. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a allo ta sha raɓa sai ta zama hanyar wuta, tsaka da tururuwa kuma suna son ɗumi, tsaka ɗaya ta isa ta haɗa bakin 230V biyu.

Rufewa tana da nata farashin. Kowane rile da ke kame yana fitar da zafin kimanin wat 0.36, talatin da biyu sun haura wat 11, ga na abin ba da wuta. Zaɓi akwati mai faɗi da farin launi ko ruwan toka, kafa shi a inuwa, abin ba da wuta a sama domin zafinsa kada ya bi ta kan sauran. A bar gurbin allo ɗaya ko biyu a ƙarfen babu komai.

Bakin kowace waya mai zare-zare a sa masa hular ƙarfe a matse. Kada a shafa masa dalma sannan a ɗaure da sukuru, dalma tana lotsawa da lokaci, haɗin ya saki ya fara zafi.

8. Abin da manhaja za ta kula da shi

Laburaren Adafruit na MCP23X17 ya isa a fara. Yi jadawali ɗaya a manhaja mai haɗa sunan kaya da adireshi da lambar ƙafa, sauran manhajar ta riƙa kiran suna kawai. Ranar da aka mayar da famfo wani allo, layi ɗaya za a gyara.

Guntun yana tashi ne duk ƙafafunsa a matsayin mashiga. A allon kunnawa, fara rubuta matsayin kashe a OLAT, rijistar guntun da ke riƙe abin da ƙafafu za su fitar, sannan ka juya IODIR, rijistar da ke zaɓar shiga ko fita, zuwa fitarwa. Idan ka juya jerin, musamman da allon rile mai kamawa da 0, duk kaya za su yi fizga ɗaya lokacin tashi.

Karanta allon karɓa ɗaya yana ɗaukar kusan rabin milisakan, don haka zagaya su duka kowane milisakan 20 ba nauyi ba ne. Mai koyo ya bar INT a ajiye, wayarta tana nan idan an buƙata. Kada a yarda da sauyi sai ya tsaya na milisakan 50, na makunnin tanki kuma sakan biyu ko uku saboda ruwa yana kaɗawa. Bayan kowane sakan kaɗan a karanta IODIR na allunan kunnawa. Idan ya dawo 0xFF, hayaniyar wuta ta sa guntun ya manta saitinsa, a sake saita shi. Idan allon karɓa ya daina amsawa, a kashe duk abin da ya dogara da shi. Kowane famfo kuma a sa masa iyakar lokacin gudu.

9. Gwaji

Kafin ka dasa guntaye a mazauninsu, ba allon wuta ka auna: 3.3V a ƙafa ta 9 da ta 18 na mazaunin MCP23017, 12V a ƙafa ta 10 na ULN2803A, babu 12V a kowace ƙafar mazaunin MCP23017. Kashe, dasa guntaye, ka duba tsagin kansu yana inda ya dace. Ɗora 'yar manhajar binciken adireshin I2C, haɗa ɗa ɗaya, tabbatar sunansa ya fito. Ƙara na biyu, sake bincike. Idan ka haɗa biyu ɗaya ya bayyana, adireshinsu ne ya zo ɗaya. Idan babu wanda ya bayyana, duba ko SDA da SCL sun musanya, ko GND bai haɗu ba. Kada a cusa ko a zare wayar haɗi da wuta a jiki.

Gwada mashigai da guntun waya ɗaya bayan ɗaya, rile kuma da kunne da mita, babu 230V tukuna. Bayan nan sai fitila guda, sannan kwantakta ba tare da famfo ba, a kunna ta a kashe sau hamsin ana kallon ko uwa za ta sake tashi. Ɗauke wutar gaba ɗaya ka mayar sau goma, wasu da sauri, irin yadda ake yi wajen sauyawa zuwa janareta, ka ga ko wani rile zai kama da kansa. Zare wayar makunnin tanki famfo yana gudu, ya kamata ya tsaya.

Haɗa gefen 230V aikin wanda ya san wayarin ne, da bireka a gaban kowane layi. Idan an gama, rubuta adireshi a goshin kowane allo, lamba a kan kowace waya, ka manna kwafin jadawalin da jerin ƙafafun wayar haɗi a bayan ƙofar akwatin. Bayan mako guda ana aiki, kashe wuta ka sake bin sukurorin mahaɗai ka ƙara ɗaure su.